Rajistar Haihuwa da Asalin 'Ya'yan Riƙo

Ran 14 ga watan Yuli na shekarar 2025 ma'aikatan Gwamnatin ƙasar Ailan suka fara tonon wani fili a garin Tuam, can yammacin ƙasar, domin su fid da ƙasusuwan jarirai da ƙananan yara waɗanda aka binne a wurin ba kabari ba alama. An ce aikin zai ci kamar shekara biyu. A filin nan ne a ke da wani gida a dā, na mata masu zaman zuhudu 'yan ɗarikar Katolika, inda a ke kai 'yan matan da suka yi ciki ba aure su haihu, tun daga 1925 har zuwa 1961.

Abin da ya sa muka ga ya kamata mu kawo wannan labari gaban malaman makaranta da akawuna shi ne hanyar da asirin ya tonu. Wata mace ce ta garin, sunanta Catherine Corless, mai sha'awar tarihin garinsu, ta riƙa biyan kuɗi daga aljihunta a ofishin rajista tana karɓar takardun shaidar mutuwar yaran gidan ɗaya bayan ɗaya. Da ta tara su, sai ta bi littattafan maƙabartun da ke kewaye tana gwada sunaye. Ta tarar da yara 796 waɗanda an rubuta mutuwarsu, amma babu inda aka rubuta an binne su. Labarin ya bazu duniya cikin 2014, cikin 2017 kuma masu binciken Gwamnati suka tabbatar akwai ƙasusuwan yara da yawa a waɗansu ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa a wurin.

Akawun da ya zauna ya rubuta sunayen nan shekara tamanin ko casa'in da suka wuce bai san zai zama mai ba da shaida ba. Aikinsa na yau da kullum ya ke yi, watakila ma yana ɗokin lokacin tashi ya yi. Domin bukatar mulki ta ranar a ke cika littafin rajista, amma jikoki da tattaɓa kunne su ne su ke zuwa su karanta shi, kuma ba su da wanda za su tambaya in ba shi ba.

Turawa mutane ne masu son binciken asalinsu ƙwarai, har ya zama abin da tsofaffinsu ke cika lokaci da shi bayan sun bar aiki. Abin da ya ba su dama kuwa shi ne daɗewar rubutu a wurinsu. Tun cikin 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka umurci ko wace majami'a ta Ingila ta ajiye littafin da za a riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa. Ran 1 ga Yuli 1837 Gwamnati ta kafa nata rajista a Ingila da Wales. Da fari mai rajista ne aka ɗora wa nauyin yawo yana neman waɗanda aka haifa, saboda haka yara da dama suka kuɓuce. Dokar 1874 ta juya abin, ta ce daga 1875 iyaye ne tilas su kai labari cikin kwana 42, wanda ya ƙi a ci shi tara. Sikotlan ta fara nata cikin 1855, Ailan kuma cikin 1864.

A takardar haihuwa ta Ingila a kan rubuta rana da wurin haihuwa, da sunan yaro, da sunan uba da sana'arsa, da sunan uwa tare da sunan gidansu kafin ta yi aure, da wanda ya kawo labari. Sunan gidan uwa shi ne mabuɗi. Da shi mai bincike zai nemo takardar auren iyayen, a can ya sami sunayen kakanni maza na ɓangare biyu, daga nan ya nemi haihuwar ko wannensu. Haka zai yi ta hawa kamar mai hawan tsani, har ya kai 1837, sa'an nan ya shiga littattafan majami'u.

To, inda tsanin ke karyewa shi ne kan ɗan riƙo. A nan sai mu yi bayani, gama riƙon Turawa ba irin namu ba ne. A wurinmu in gwaggo ko kawu ko kaka suka ɗauki yaro, ya tashi a hannunsu, su yi masa aure, amma kowa a unguwa ya san ɗan wane ne, gadon ubansa kuma yana nan yana jiransa. A wurinsu kuwa alƙali ne ke yanke igiyar da ke tsakanin yaro da waɗanda suka haife shi, ya ɗaura ta ga waɗansu, yaro ya ɗauki sunansu, ya ci gadonsu, a idon doka ya zama kamar su suka haife shi. Bari mu kira wannan riƙon doka, don mu bambanta shi da namu.

Kafin 1927 babu irin wannan doka a Ingila. Yaro ya kan wuce hannun maƙwabta ko gidan marayu ba tare da an rubuta kome ba, masu bincike kuwa har yau a nan su ke tsayawa cik. Akwai dai wani gidan tsintattu a Landan da Thomas Coram ya kafa, wanda ya fara karɓar jarirai cikin 1741. A kan canja wa ko wane jariri suna ran da aka karɓe shi, amma uwar ta kan bar wata 'yar alama, kamar kwabo da aka huda, ko maɓalli, ko ƙyallen tufa, a liƙe ta da takardar yaron, domin in Allah ya hore mata ta dawo a gane nata. Kaɗan ne suka dawo. Alamomin suna nan a gidan tarihi a Landan. Mun kawo wannan ne don a ga ko mutanen wancan zamani, da ba su da doka a kan al'amarin, sun gane ba ya kyautuwa a canja wa yaro suna ba a bar zaren da za a bi a koma baya ba.

Dokar riƙo ta 1926 ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1927, kuma dabarar da ta yi ta isa akawu ya lura da ita. Ba a taɓa rubutun haihuwa na asali ba. Yana nan a littafinsa da sunan uwar da ta haifa, sai dai a gefen shafin a rubuta kalma ɗaya mai nuna an ba da yaron riƙo. Sa'an nan aka buɗe littafi na biyu, na 'ya'yan riƙo, inda a ke rubuta sabon suna da sunayen mariƙa da kotun da ta yanke hukunci. Daga wannan littafi na biyu a ke ba yaro takardar da zai yi amfani da ita a makaranta da wurin aiki. Akwai kuma fihirisa na uku a hannun Babban Magatakarda, wanda ke haɗa lambar shafin can da lambar shafin nan, shi ne aka kulle, ba mai gani sai da iznin kotu.

Kusan shekara hamsin abin yana kulle. A cikin shekarun nan riƙon doka ya yawaita, har cikin 1968 aka yi kusan 25,000 a shekara guda a Ingila da Wales. Wani kwamitin Majalisar Dokokin Ingila ya ba da rahoto cikin 2022 cewa tsakanin 1949 da 1976 an karɓe yara kamar 185,000 daga hannun uwaye marasa aure, da yawansu kuwa matsa musu aka yi. Yaran nan suka girma, suka haihu, likita ya tambaye su ko akwai ciwo kaza a danginsu su rasa amsa. Cikin 1975 Majalisa ta ba duk ɗan riƙon da ya kai shekara 18 ikon karɓar takardar haihuwarsa ta asali, sai dai wanda aka ba da shi kafin 12 ga Nuwamba 1975 tilas ya zauna da mai ba da shawara tukuna, tun da an yi wa uwarsa alkawarin rufin asiri a lokacin. Cikin 1991 aka ƙara wani littafi inda ɗan riƙo da danginsa na jini ko wanne zai iya sa sunansa in yana son a sadu. Sikotlan ba ta taɓa shiga wannan wahala ba, gama tun dokarta ta 1930 ta bar wa ɗan riƙo ikon ganin asalinsa in ya kai shekara 17. A Amurka ko wace jiha da dokarta. Yawancinsu sun rufe takardar asali sun ba da sabuwa mai sunayen mariƙa, Kansas da Alaska ba su taɓa hana baligi tasa ba, jihar New York kuwa sai cikin Janairu 2020 ta buɗe.

Abin da ya sa Ingila ta iya buɗewa cikin 1975 har buɗewar ta yi amfani shi ne, abin da aka kulle gaskiya ne. Da aka sa mabuɗi an tarar da sunan uwa yana nan yadda akawu ya rubuta shi ran farko.

Mu koma Ailan mu ga ɗaya fuskar. Ita ba ta yi dokar riƙo ba sai cikin 1952. Kafin dokar, har da bayanta, waɗansu masu shirya riƙo suka bi gajeriyar hanya. Maimakon a rubuta uwar da ta haifa sa'an nan a bi hanyar doka, sai kawai a je ofishin rajista a rubuta mariƙa a matsayin su suka haifi jaririn. Ba littafi na biyu, ba alama a gefen shafi. Cikin Mayu 2018 Gwamnati ta bayyana cewa an gano mutum 126 da aka yi wa haka tsakanin 1946 da 1969 ta hannun wata ƙungiyar riƙo mai suna St Patrick's Guild, aka kuma ce 79 daga cikinsu mai yiwuwa ba su ma san ba iyayensu suka haife su ba. An gano su ne domin wani ma'aikacin ƙungiyar ya riƙa sa wata alama a katin ko wane yaro cikin takardunsu na ciki. Da bai sa ba, shi ke nan. Mutum ya kai shekara sittin ko saba'in, yana da jikoki, a aiko a ce masa sunan da ke takardarsa ba na mahaifiyarsa ba ne, watakila ranar haihuwar ma an sauya ta, wadda ta haife shi kuwa ta riga ta rasu.

Waɗanda suka yi wannan aiki ba duka ne mugaye ba. Da yawansu gani su ke yi taimako su ke yi, sun rufa wa yarinya asiri, sun sama wa jariri gida, sun share hawayen matar da ba ta haihu ba. Wannan ne ya sa abin ya ke da haɗari, gama ƙaryar da a ke yi da kyakkyawar niyya ba ta damun mai yinta, ya kan kwana lafiya.

Ailan ta daɗe tana gardama kan buɗe takardun. Cikin 1998 Kotun Ƙolinta ta ce haƙƙin mutum na sanin mahaifiyarsa sai an auna shi da haƙƙin uwar na a rufa mata asiri, hukumomi kuwa suka fake da wannan suna hana mutane takardunsu shekara da shekaru. Sai cikin 2022 aka yi dokar da ta ba duk wanda ya kai shekara 16 ikon karɓar takardar haihuwarsa da abin da aka rubuta game da ƙuruciyarsa da lafiyarsa. In uwa ta sa sunanta cewa ba ta son a neme ta, a kan sanar da shi haka, amma ba a hana shi takardar. Mu a ganinmu nan ne daidai. Uwa tana da iko ta ce kada a zo ƙofar gidanta, kuma wajibi ne a girmama wannan. Amma sunan wadda ta haife ka ba nata ne ita kaɗai ba, naka ne kai ma.

Wani zai ce ina ruwanmu, tun da mu ba mu yanke nasaba? Gaskiya ne shari'ar Musulunci ta hana. Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana jingina shi ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har Suratul Ahzabi ta sauka da umurnin a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunayen ubanninsu. Al'adarmu ma haka ta ke. Amma abin da ya tsare nasabar ɗan riƙo a ƙasar Hausa shi ne sanin mutane: ungozoma, da wanzamin da ya yi aski, da liman da ya raɗa suna, da tsofaffin gida. Muddin yaro yana garin da aka haife shi wannan ya isa. Yau kuwa ana ɗauke yaro daga ƙauye a kai shi Kano ko Kaduna ko Legas wurin kawunsa, tsofaffi su mutu, abin da zai rage sai takarda. Takardar nan kuwa, a wurin yawancin mutanenmu da suka manyanta, ba a ofishin rajistar haihuwa ta fara ba, a littafin shiga makaranta ta fara, da hannun malami.

Mu da mu ke zagayen duba makarantu mun san yadda a ke cika littafin nan. A kawo yaro, hedimasta ya tambayi wanda ya kawo shi sunansa, ya rubuta a gurbin uba, ba ya ko tambaya ko shi ya haife shi. In mace ce ta kawo, ba za ta faɗi sunan mijinta ba, in ɗan fari ne ma ba za ta faɗi na yaron ba saboda kunya, sai ta ba da laƙabi, malam ya rubuta laƙabin. Ɗan fari kuwa shi ne wanda aka fi ba kaka ko gwaggo riƙo. Shekaru kuma a dā sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓa kunnensa na ɗaya gefen, in ya taɓa ya isa shiga. In an matsa a ce an haife shi shekarar da Sarauniya ta zo, watau 1956, ko shekarar canjin kuɗi, 1973, malam ya ƙara da 1 ga Janairu. Tsofaffin makarantu kuma sun saba liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya sa muka san Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da sunayen garuruwa, Sardauna ma Ahmadu Raba a ke kiransa a farko. Ko shekarar haihuwarsa littattafai sun saɓa, waɗansu 1909 waɗansu 1910. In haka ta ke ga jikan Sarkin Musulmi, a ƙiyasta na ɗan talaka.

Mun taɓa zama a ofishin wata makaranta wani magidanci ya shigo yana roƙon a duba masa tsohon littafi. Kawunsa ne ya riƙe shi tun yana ɗan shekara huɗu, shi ya sa shi makaranta, aka rubuta sunan kawun a gurbin uba. Sunan ya bi shi zuwa takardar gama firamare, da ta sakandare, da takardar rantsuwa ta shekaru, da katin aiki. Da mahaifinsa ya rasu a can ƙauye, 'yan ubansa da ba su tashi tare ba suka ce ba su san shi ba, ga takardunsa ma sun nuna ɗan wani ne. Ya zo ne da fatan ko malamin ya rubuta wani abu a gurbin bayani. Aka ɗauko littafin, gara ta ci gefensa, aka sami shafin, gurbin bayani fari fat. Daga baya mun ji alƙali ya karɓi shaidar waɗansu dattawa biyu da suka halarci sunansa, ya sami rabonsa. Dukansu biyu sun haura tamanin.

Ba doka muka rasa ba. An fara rajistar haihuwa a Legas tun 1863. Dokar soja mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar ko wace haihuwa a ƙasa duka, ta danƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, cikin kwana 60 kuma kyauta ne. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta yi tanadi kan riƙo, ko da ya ke sai ko wace jiha ta yi tata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami yara 43 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar an yi musu rajista, wani bincike na 2021 ya sami 57, jihohin Arewa kuwa su ne a baya. Cikin Nuwamba 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yin rajistar da na'ura. Wannan ci gaba ne, muna maraba da shi. Amma akwai abin da ke ba mu tsoro. In aka fito gangami aka ce ko wane ma'aikaci ya kawo adadi kaza kafin ƙarshen wata, zai shiga gida ya tarar da yara goma, ya rubuta su duka da sunan maigida, alhali biyu 'ya'yan ƙanensa ne, ɗaya agola ne, ɗaya jika. Littafin takarda ana iya sa masa gyara a gefe, kowa ya ga tsohon rubutu da sabo. Abin da ya shiga kwamfuta kuwa ya kan bazu zuwa lambar ɗan ƙasa da fasfo da banki, gyaransa sai an sha wuya. Watau mu ma za mu iya yin irin ta Ailan, ba da nufin ɓoye kome ba, da gaggawa kawai.

Akwai kuma waɗanda rufin asiri ya shafa da gaske, watau tsintattu da yaran gidajen marayu. Ba mu ce a rubuta wa yaro a takardar da zai nuna a makaranta abin da zai sa a yi masa gori ba. Ingila ma tun 1947 ta fito da gajeriyar takarda mai ɗauke da suna da rana da wuri kaɗai, ba sunayen iyaye, domin irin wannan dalili. Abin da mu ke cewa shi ne a bar gaskiya a littafin asali: ranar da aka tsince shi, da wurin, da wanda ya kawo shi, da tufar da ke jikinsa, da duk alamar da aka gani. A kulle littafin in ya kama, a ba shi in ya girma ya nema. Ko don maganar aure wannan ya wajaba, kada mutum ya auri muharramarsa bai sani ba, ga kuma cututtukan gado irin amosanin jini.

Ga malamai kuwa, abin da mu ke roƙo ba ya bukatar kuɗi ko izni daga sama. In an kawo yaro a tambaya a fili, cikin ladabi, "Malam, kai ka haife shi ko riƙo ne?" In riƙo ne a rubuta sunan mahaifi da na kaka da garinsu a gurbin uba, sunan mariƙi kuma a gurbin bayani tare da dangantakarsa da yaron. In shekarun ƙiyasi ne a rubuta ƙiyasi ne. In an zo gyara kada a kankare, a ja layi ɗaya bisa tsohon rubutu yadda zai karantu, a sa hannu da kwanan wata. Tsofaffin littattafan shiga na zamanin En'e kuma, waɗanda ke jibge a ƙasan kabad a makarantu da yawa, a ɗauke su daga ƙasa, a naɗe su, a ɗauki hoton ko wane shafi kafin damina ta gaba.